Tsofaffin 'Yan Wasan Ƙwallon Gora da Bashin Kara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani wasa da ban cika ganinsa a shafinku na wasanni ba, wato ƙwallon gora, wanda 'yan makaranta suka fi sani da hoki. Ni tsohon malamin wasanni ne da ya ajiye aiki ya dawo ƙauye a ƙasar Ringim yana noma, kuma na fara riƙe gora tun ina kwalejin horon malamai a shekarun 1970, zamanin da malamai 'yan Indiya da Pakistan suke da yawa a makarantun Arewa. A hannunsu na koyi wasan, na buga shi, na kuma koyar da shi har ƙarfina ya ƙare.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu, gindin darbejiyar da ke kusa da shagon mai cajin waya. Ɗan ƙanena yana karatu a birnin Pittsburgh na Amurka, kuma da yake ya san tarihina, sai ya riƙa turo mini gajerun bidiyoyi ta WhatsApp na irin ƙwallon gorar da ake bugawa a can, wadda ake yi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifi a ƙasa, ana korar wani ɗan baƙin faifan roba a madadin ƙwallo. Wasanninsu suna kamawa ne da tsakar dare a agogonmu, ga kuma tsadar data, saboda haka abin da muke samu shi ne taƙaitaccen bayani da safe. Da farko ni kaɗai nake kallo, daga baya samari suka fara leƙowa ta kafaɗata, yanzu kuwa akwai mutum bakwai ko takwas da suka san sunayen 'yan wasan Pittsburgh Penguins kamar yadda suka san na Kano Pillars, kuma sun rabu gida biyu a kan tambaya ɗaya: tsofaffin 'yan wasan kulob ɗin, dukiya ne ko kaya?

Ga asalin maganar. Kulob ɗin yana da mutum uku da suka shafe kusan shekara 20 suna wasa tare, wato kyaftin Sidney Crosby da Kris Letang, waɗanda aka haifa a 1987, da Evgeni Malkin ɗan Rasha, wanda aka haifa a 1986. Da su aka ci Kofin Stanley, wanda shi ne babban kofin gasar NHL ta Amurka da Kanada, a 2009 da 2016 da 2017. A watan Yulin 2022, lokacin da kwantiragin Malkin da na Letang suka ƙare, shugabannin kulob suka zaɓi su riƙe su, suka ba Letang shekara 6, suka ba Malkin shekara 4, kowannensu a kan dala miliyan 6.1 a shekara. Kulob ɗin da ya yi kaka 16 a jere bai taɓa rasa shiga zagayen neman kofi ba, sai ga shi ya rasa a 2023, ya sake rasawa a 2024, ya kuma rasa a 2025. Samarinmu masu zafin kai suna cewa hujja ta ƙare a nan, zamani riga ne, a sallami tsofaffi a kawo yara. Ɗaya ɓangaren, wanda wani tela da wani direban tarakta suke jagoranta, suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma wanda ya ciyo maka kofi uku ba a yi masa korar kare. Duk lokacin da murya ta tashi sai a juyo gare ni a ce, “Malam, kai ne ka buga, raba mu.” Na gaji da raba su da baki, shi ya sa na ga gara in rubuta, domin ina ganin duka ɓangarorin biyu suna ƙidaya shekaru ne alhali ba a nan matsalar take ba.

Kafin a yi hukunci a kan tsohon ɗan wasa a wannan gasa, akwai abubuwa biyu da ya kamata mai karatu ya sani, domin su ne suka bambanta ta da ƙwallon ƙafar da muka saba da ita. Na farko shi ne yadda ake canji. Wasan minti 60 ne, an raba shi kashi uku, kuma kowane kulob yana zuwa da mutum 20, biyu daga ciki masu tsaron raga, amma mutum shida kawai suke cikin fili a lokaci guda. Ɗan wasa yana shiga ya yi gudu iya ƙarfinsa na abin da bai cika minti ɗaya ba, ya fito ya huta, wani ya shiga, ba tare da an tsayar da wasa ba, kuma zai iya komawa sau nawa koci ya ga dama. Saboda haka babban ɗan baya zai iya tara minti 25 a wasa guda, wani kuwa a auna masa minti 10 kacal. Ma'anar wannan ita ce aikin dattijo a ƙwallon gora abin aunawa ne kamar hatsi a mudu, ba kamar ƙwallon ƙafa ba inda wanda aka cire ya fita ke nan.

Na biyu shi ne iyakar albashi. Tun daga 2005, bayan rikicin da ya sa aka yi asarar kaka guda cur ba a buga wasa ba, gasar ta sa haddi a kan jimillar kuɗin da kowane kulob zai biya 'yan wasansa. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2024 zuwa 2025 kuwa haddin ya kai miliyan 88. Komai arzikin mai kulob ba zai wuce wannan ba. Tukunya ɗaya ce ake ɗiba, duk ludayin da aka ƙara wa wani an rage shi ne daga kwanon wani. Idan aka haɗa waɗannan abubuwa biyu, za a ga cewa tambayar da ta dace ita ce nawa ake biyan dattijon, shekara nawa aka ɗaure kai da shi, kuma wane aiki aka ba shi.

Mutum biyu za su bayyana abin da nake nufi fiye da dogon bayani. Corey Perry ya ci kofi da Anaheim a 2007, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar a 2011, har kulob ɗin ya ba shi kwantiragin da ya haura dala miliyan 8 a shekara. Da gwiwarsa ta samu matsala, ƙwallayensa suka ragu, sai ya zama nauyi, a 2019 suka biya shi diyya suka sallame shi. Da samarin majalisarmu ne, da sun ce ya ƙare. To amma Dallas ta ɗauke shi da araha ta je wasan ƙarshe a 2020, Montreal ta ɗauke shi a kan dala 750,000 ta je wasan ƙarshe a 2021, Tampa Bay ta je da shi a 2022, Edmonton ta je da shi a 2024 da 2025. Gaskiya ne duka biyar ɗin an sha kaye, har masu barkwanci suka ce da ƙashin tsiya yake yawo, amma a zagayen neman kofi na 2025, yana cika shekara 40, ya zura ƙwallo 10, a kan albashin da bai kai miliyan 2 ba. Aikinsa shi ne ya tsaya a bakin raga, ya tare wa gola gani, ya sha duka, ya karkatar da faifai. Mutum ɗaya ne, ƙafafu ɗaya ne, amma a miliyan 8 kaya ne, a miliyan 1 kuwa tsintuwa ce.

Na biyun shi ne Patrick Marleau, mutumin kirki wanda babu wanda ya taɓa kai shi yawan wasanni a tarihin gasar, domin ya buga 1,779. A 2017 Toronto ta ɗauke shi yana da shekara 37, ta ba shi shekara 3 a kan dala miliyan 6.25 a shekara, domin ya zauna da yaranta masu tasowa irin su Auston Matthews da Mitch Marner ya nuna musu hanya. A kakar farko ya ci ƙwallo 27, kowa yana murna. A ta biyu ya ci 16. Kafin ta uku, lokacin biyan yaran nan manyan kuɗi ya zo, tukunya kuwa ta cika, sai Toronto ta rasa yadda za ta yi da shi. A 2019 dole ta tura shi Carolina, ta haɗa musu da damarta ta farko a zaɓen matasan 'yan wasa da ake yi duk shekara, domin kawai su yarda su karɓi nauyin albashinsa. Da wannan damar Carolina ta zaɓi wani yaro, Seth Jarvis, a 2020, wanda daga baya ya ci ƙwallo sama da 30 a kaka biyu a jere. Marleau bai yi laifin komai ba, ya yi tsufa ne kamar kowa. Shekara ta ukun nan da aka rubuta a takarda ita ce ta ci Toronto.

Duk manomin da ya taɓa riƙe shanun huɗa ya san wannan lissafi tun kafin a zo maganar dala. Idan ka sayo sabon bijimi, ba ka haɗa shi da sabo ɗan'uwansa a karkiya ɗaya, domin za su ja garma ta inda suka ga dama, kunyoyinka su fito kamar tafiyar maciji, kai kuma ka wuni kana ihu. Da horarre ake haɗa shi. Horarren ya san kwari, yana bin sa ba sai an ja igiya ba, idan aka kai ƙarshen gona yana juyawa da kansa, idan sabon ya zabura sai ya dafe ƙasa ya riƙe shi, kuma cikin damina ɗaya za ka ga yaron ya nutsu. Wannan aiki ba ya bayyana a ƙiba ko ƙarfin kafaɗa, amma mai gona ya san darajarsa. Sai dai mai gonar ya san wani abu kuma. Akwai shekarar da za ka ga tsohon yana fara haki tun hantsi, yana barin sabon ya ja shi, ga dusa da harawar da yake ci ba su ragu ba. Idan ka kai shi Maigatari ranar Alhamis a wannan shekarar, za ka sami kuɗin da za ka sayi ƙarami har ka yi ragi. Idan sabo da tausayi suka sa ka ƙara masa damina biyu, dillali zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya faɗi kuɗin da zai sa ka juya baya. Ba wanda yake haɗa tsofaffi biyu a karkiya ɗaya ya ce zai gama gona kafin ruwa ya wuce. Na san ɗan Adam ba sa ba ne, kuma ina neman afuwar 'yan wasa a kan wannan kwatance, amma masu kulob da kansu ciniki suke kiran abin, suna saye suna sayarwa.

Ban zo wannan ra'ayi daga kallon waya ba, na zo shi ne da ƙafafuna. A ƙarshen shekarun 1980, ina neman shekara 35, ni ne kyaftin kuma ɗan baya na wata ƙungiya ta malamai da tsofaffin ɗalibai a garin da nake koyarwa. Filinmu jar ƙasa ce da muke sharewa da kanmu mu ja layi da toka, gorunanmu kuwa yawancinsu an ɗaure su da zare da robar tayar keke, domin idan ɗaya ta tsage ba a samun wata sai an je Kano. Kocinmu tsohon ɗalibina ne, ko a tsakiyar fili Malam yake ce mini, kuma idan zai gyara mini kuskure sai ya fara da “Allah ya gafarta Malam.” Akwai wani yaro ɗan shekara 18 da yake buga gurbina, mai sauri kamar barewa, wanda ya shekara biyu yana zuwa atisaye kullum yana komawa gida ranar wasa da rigarsa fes.

Muka je wasan ƙarshe na wata gasa da ƙungiyar wani gari maƙwabci, cikin hunturu, ƙura ta rufe ko'ina. A rabin farko na yi abin da na saba, na tsaya inda ƙwallo za ta biyo tun kafin mai ita ya ɗaga kai, na tare sau huɗu ko biyar ba tare da na yi gudun kirki ba, muka tafi hutu muna da ɗaya suna nema. A rabi na biyu suka gane ni. Suka daina turo ƙwallo ta gabana, suka koma jefa ta bayana, suna sakin wani siririn yaro ya bi ta. Wallahi na ga abin da za su yi, na san inda ƙwallon za ta faɗa, zuciyata ta riga kowa isa wurin, ƙafafuna ne suka zo a makare. Sau biyu aka yi haka, sau biyu na ji ƙarar katakon raga a bayana. Muka sha kashi biyu da ɗaya. A cikin motar da ta dawo da mu ba wanda ya ce uffan, sai da muka kusa gari kocin ya matso ya ce, “Malam, filin nan nasu ba shi da kyau.” Filin ba shi da laifi, shi ma ya sani, ni ma na sani. Kara ce ta hana shi cire ni a hutun rabin lokaci, kara ce ta hana shi faɗa mini gaskiya daga baya, ni kuma son wasa ya hana ni faɗa wa kaina. Yaron nan bai dawo atisaye a kaka ta gaba ba, na ji an ce ya tafi Kano neman kuɗi. Asarar kofi ba ta dame ni kamar asararsa ba, kuma irin wannan asara ce magoya baya ba sa gani, domin ba a rubuta sunan wanda ya gaji da zaman benci a allon sakamako.

A lokacin ƙa'idar wasanmu ta fili ba ta yarda wanda ya fita ya dawo ba, sai a farkon shekarun 1990 aka kawo canjin shiga da fita. Da ta riske ni ina wasa, da minti goma a farko da minti goma a ƙarshe sun ishe ni in yi amfani, yaron kuma ya ɗauki sauran.

Kada samarin majalisa su ɗauka na koma ɓangarensu. Abin da na yi a rabin farkon nan shi ma gaskiya ne, kuma yaro ba ya iya shi sai ya daɗe. Kofin Stanley ba a cin sa sai an yi nasara 16 a zagaye huɗu, bayan an riga an buga wasa sama da 80 na kaka, kuma a irin wannan doguwar tafiya akwai daren da ƙafa ba ta raba gardama sai nutsuwa. A wasa na uku cikin jerin wasannin ƙarshe na 2002, Detroit da Carolina suka buga har ƙarin lokaci na uku, kowa ya galabaita, wanda ya ci ƙwallon da ta raba su shi ne Igor Larionov, yana da shekara 41, kuma Detroit ɗin nan mai cike da dattawa ita ta ɗauki kofin. A 2025 Florida ta karɓo Brad Marchand daga Boston yana da shekara 36, ya ci ƙwallo 6 a wasannin ƙarshe kaɗai, suka ɗauki kofi. Sai kuma Alexander Ovechkin na Washington, wanda ƙafarsa ta karye a watan Nuwamban 2024 yana da shekara 39, ya rasa wasa 16, ya dawo ya ƙare kakar da ƙwallo 44, kuma ranar 6 ga Afrilun 2025 ya ci ta 895 a rayuwarsa, ya wuce tarihin Wayne Gretzky na 894 da aka daɗe ana cewa ba mai taɓa shi. Na kalli wannan bidiyon ya fi sau goma. An kori ɗaya daga cikin abokan hamayya na minti biyu, Ovechkin ya lallaɓa gefen hagu inda ya shekara 20 yana tsayawa, kowa a filin ya san can za a kai masa, aka kai masa, ya buga, ta shiga. Abin lura shi ne yadda Washington ta yi da shi. Ba ta ce ya riƙa bin kowa da gudu ba, ta kewaye shi da matasa masu jini a jika suna yin wahalar, shi kuma aka bar masa abin da hannunsa bai manta ba, kuma a wannan kakar su ne suka zo na ɗaya a rukunin gabas.

Idan na dawo kan Pittsburgh, hukuncina shi ne samarinmu sun kama ɓarawon da ba shi ba ne. Crosby ya tara maki 91 a kakar 2024 zuwa 2025, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, kuma ita ce kaka ta 20 da ya yi yana samun aƙalla maki ɗaya a kowane wasa idan aka raba, abin da ko Gretzky bai kai ba. Albashinsa a lissafin haddi dala miliyan 8.7 ne tun 2008, bai ƙara ba, alhali waɗanda ba su kai shi ba sun wuce miliyan 10. Wannan shi ne horarren sa da kowane manomi yake addu'ar samu. Inda aka yi kuskure shi ne abokan karkiyarsa. Shekara da shekaru kulob ɗin yana bayar da damarsa ta zaɓen matasa domin ya sayo wanda zai taimaka a ci kofi yau, har aka wayi gari babu yara a bayan gida, sannan a 2023 ya ƙaro Erik Karlsson, ɗan baya mai shekara 33 da albashi mai nauyi, a ƙungiyar da dama tana cikin mafiya tsufa a gasar. Shekara 6 da aka ba Letang yana da 35 ita ma ba na jin lissafin wasa ne kaɗai ya rubuta ta. Ina jin ƙamshin abin da ya hana ɗalibina cire ni, sai dai su nasu da dala aka biya.

Tela ya taɓa tambayata ko ina nufin a ci moriyar ganga a yar da kwaurenta. Na ba shi labarin Ray Bourque, ɗan bayan da ya fara wa Boston wasa a 1979, ya shafe sama da shekara 20 bai ci kofi ba. A watan Maris na 2000, da ya ga kulob ɗin ba inda za shi, aka yi magana ta fahimta aka tura shi Colorado, Boston ta karɓi wasu 'yan wasa da damar zaɓen matashi. A 2001 Colorado ta ci kofi, kuma da aka miƙa wa kyaftin Joe Sakic, bai ɗaga shi sama ba kamar yadda aka saba, sai ya juya ya damƙa wa Bourque mai shekara 40. Bayan 'yan kwanaki Bourque ya kai kofin Boston, dubban mutane suka fito tarbarsa, daga baya kuma kulob ɗin Boston ya rataye lambarsa ta 77 ba mai sake sa ta. Bashin da ake bin kulob na shekarun baya gaskiya ne, kuma wajibi ne a biya shi, amma akwai aljihun da ake biyansa daga ciki: girmamawa, aikin horarwa, kujera a ofis, rataye riga, da faɗa wa mutum gaskiya cikin mutunci tun kafin 'yan kallo su faɗa masa da ihu. Mintunan fili da gurbin yaro ba sa cikin wannan aljihu. Tela bai gamsu ba, ya ce shi dai ba zai so ya ga Crosby da rigar wani kulob ba ko da za a ci kofi goma, kuma ban iya ce masa komai ba, domin ni ma ba zan so ba.

Da na aika wa ɗan ƙanen nawa abin da na rubuta, ya amsa da cewa, “Baffa, a nan ma haka suke yi a rediyo kullum, kuma ba su gama ba.” Mu ma a gida ba baƙin wannan magana ba ne, domin duk wanda yake bin Kano Pillars ya ji irinta a kan Rabi'u Ali, wanda ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo, ya kuma ji ta lokacin da Ahmed Musa ya dawo.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka na wasanni wajen ƙungiyoyin ƙwallon gora na Arewa, irin su Kada Stars ta Kaduna da Niger Flickers da Yobe Desert Rollers, ya zauna da masu horar da su da kuma 'yan wasan da suka haura shekara 30. Ya tambayi kocin minti nawa yake ba dattawansa, kuma wa yake zaune a benci saboda su. Ya tambayi dattawan ko akwai wanda ya taɓa zama da su ya yi musu maganar ranar ajiye gora, da abin da za su ci bayan sun ajiye. Idan aka buga hirar, zan sa a sayo mana jaridar daga Ringim in karanta wa majalisa da kaina.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani tsohon malamin wasanni,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.